Tabarma, Buta da Kuɗin Fito

A garuruwan da ke bakin titin Haɗeja zuwa Nguru, zaure yana ƙarewa a hankali. Ɗakin da a da yake buɗe dare da rana, da tabarmar kaba a shimfiɗe da randa a lungu, yanzu an toshe ƙofarsa ta ciki da bulo, an sa wa ta waje ƙyauren ƙarfe, ya koma shago. A wani ana cajin waya, a wani ana cire kuɗi ta POS, a wani kuma an jera buhunan taki da jarkokin maganin feshi. Da an yi sallar isha'i sai a ja ƙyaure a datse da kwaɗo. Mai gida bai yi laifi ba: ɗakin da ke kallon titi kuɗi ne, iyali kuma sun ƙaru. Sai dai zauren nan ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana tafiya ne da wata irin tafiya, ta mutumin da zai kewaye fadamar Haɗeja da Nguru kaf, ya yi mako biyu ko uku a hanya, bai biya ko kwabo na wurin kwana ba.

Matasan yanzu suna kallon bidiyon masu yawon buɗe ido a wayoyinsu: a ɗauki hayar ƙaramar mota a kewaye tsibiri irin Siri Lanka ko Hawayi, a kafa tanti a bakin teku, a dafa abinci a ɗan risho don kada kuɗin otal ya cinye guzuri. Da yawa sukan yi sha'awa, su ce ina ma muna da irin wannan. Alhali kakanninsu sun yi ta, kuma a kan tsibirai suka yi ta, ko da yake neman abinci ne ya fitar da su, ba hutu ba.

Wanda bai taɓa ganin ƙasar Haɗeja a watan Satumba ba zai yi mamakin jin an ambaci tsibiri a nan. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Da ya wuce birnin Haɗeja, sai ya faɗa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin jigayin yashi, ya rasa gangaren da zai bi, ya rarrabu. Wani reshe ya bi Marma ya zube a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya nufi inda zai tarar da Kogin Jama'are, kafin ruwan ya zama Komadugu Yobe wajen Gashuwa ya kama hanyar Tafkin Chadi. In damina ta yi nisa, ruwa ya cika kwaruruka, sai kowane tudu ya zama tsibiri da garinsa a kai, da kukokinsa da rumbunansa. A shekarun 1960, ruwan kan mamaye fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai albarka.

Masu ratsa wannan ƙasa a da iri-iri ne. Akwai fatake da jakunansu, masu kai kanwa da busasshen kifi Kano su komo da tufafi da goro. Akwai 'yan ci-rani, da almajirai da malaminsu sun nufi gabas, da maniyyata masu zuwa Makka a ƙasa ta Borno da Sudan, waɗanda wasunsu kan yi shekara da shekaru a hanya. Guzurin kowa bai wuce abin da zai rataya ba: tabarma a naɗe, gwado saboda hunturu, buta, sanda, da 'yar jakar fata mai ƙuli-ƙuli da gumba da dakakken yaji. Kuɗin da ba makawa sai an riƙe shi ne kuɗin fito, shi ma sau da yawa da ƙwaryar gero ake biya.

A mashigi ake fara koyon haƙuri. Mai fito ba ya tashi don mutum ɗaya. Sai a zauna a gindin gabaruwa har jirgi ya cika. In an shiga, kaya a tsakiya, mutane a tsugune, ba mai miƙewa, jaki kuwa a riƙe masa kai a gefen jirgi ya yi iyo. Inda babu jirgi, akwai masu ƙetarar da mutum da ƙatuwar gora: ya ɗora kayansa a ka, ya rungume ta, mai fito na turawa daga baya. Ruwan fadama ba shi da ƙugi. Abin da kunne ke ji shi ne sandar tuƙi tana nutsewa cikin laka, ganyen bado yana gogar cikin jirgi, da kukan kirinjijiya in garkensu ya tashi gaba ɗaya.

Ƙa'idar matafiyi ita ce kada magariba ta same shi a daji. In ya isa gari, ba gidan da ya fi kyau zai nema ba, masallaci zai nufa. Bayan an idar da salla, liman ko wani dattijo zai juyo: "Malam, baƙo ne? Daga ina?" Ya faɗi garinsu da inda ya dosa, sai a kira wani yaro: "Kai, ɗauki kayan baƙo ka kai zauren Mai Unguwa." A ƙasar Bade da ta Mangawa, gidan Bulama ko na Lawan za a ce. Can zai durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, dare ne ya yi mini," kuma yawanci iyakar bayanin ke nan. Kafin ya gama kakkaɓe ƙura an kawo ruwa a ƙwarya, sannan akusa su fara fitowa daga gidaje daban-daban, domin ciyar da baƙo ba aikin gida ɗaya ba ne. Tuwon gero ko na shinkafar fadama, miyar kuka da ta ji banda, wani lokaci fura da nonon da aka saya a rugar bayan gari. Ana cewa baƙonka annabinka, kuma dattawan nan ba da wasa suke faɗa ba. Shi ma baƙon yana da abin biya, wato labari: nawa ake auna gero a Gumel, wane mashigi ne ya cika, wane basarake ne ya rasu, ina fari suka sauka. Da asuba ya naɗe tabarmarsa, tun da baƙo raɓa ne, a raka shi bakin gari a nuna masa hanyar da ruwa bai ci ba.

Kwanan da ya fi zama a ran waɗanda suka yi shi, na sansanin masunta ne. In ruwa ya fara janyewa bayan kaka, kifi ya tattaru a tafkuna, masunta sukan bar gida su kafa bukkokin zana a kan wani tudu, su yi wata biyu ko uku. Ba a faɗa wa tafki haka kawai, sai Sarkin Ruwa ya ce an buɗe. Da yamma akan tarar an baza taru da koma a kan turaku suna shan iska, goruna a kife, yara na gyaran kifi, an tona dogon murhu an gitta itace a kai. A lanƙwashe tarwaɗa, a soke kai da wutsiya da tsinke ɗaya, a jera ta bisa hayaƙi tare da karfasa da kurungu, ana juyawa har ta yi baƙi-baƙi tana naso. Ƙamshin bandar nan kan kama riga ya yi mako bai fita ba. Baƙo ba ya sayen kifin da zai ci a sansani. A tsoma masa manya biyu a tukunya da barkono da gishiri da 'yar daddawa, ya sha romo har gumi ya keto masa cikin sanyin hunturu. Sannan a kwanta kusa da wuta, gaba na ɗumi baya na daskarewa.

Duk mai ba da wannan labari da ya tsaya a nan, ya rage gaskiya. Sauron fadama ba ya jin hayaƙi sosai, kuma da yawa sun koma gida da zazzaɓin da bai bar su ba. Ruwan tafkin da aka sha shi ke kawo kurkunu, mutum ya kwanta wata guda a daidai lokacin noma. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga Nijeriya. Tsargiya kuwa har yanzu tana jikin yaran da ke wanka a kwantaccen ruwa. Tsibirin da ke burge baƙo kurkuku ne ga mace mai naƙuda da tsakar dare, in jirgi yana wancan ƙetare. Karamcin zaure ma na maza ne. Mace ba ta irin wannan yawo ita kaɗai, sai dai a shigar da ita cikin gida in tana tare da mijinta ko muharraminta.

Tsaron hanya shi ma ba kullum ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta Gumel a 1851, kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, zamanin Sarkin Haɗeja Buhari ne, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, kuma yaƙe-yaƙensa sun sa madugai dogon tunani kafin su zaɓi hanya. Ba don daɗin hira fatake ke tafiya a ayari ba. A wancan zamani, wanda ya ware ana iya kama shi a sayar.

Jirgin ƙasa ne ya fara taƙaita tafiyar. A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, bai shiga birnin Haɗeja ba. Malam Madori ta zama tashar Haɗejawa, masu sayen gyaɗa suka taru a can, Nguru kuma ta cika da fataken shanu da fatu da ƙaro. Ga talaka, jirgin ya zama abin hawa mai araha ƙwarai: a shiga da buhu da kaji da tabarma, a sayi rake da dafaffen ƙwai ta taga, in jirgi ya makara a shimfiɗa a tasha a kwana, ba mai kora. Amma bai kashe zaure ba, don daga tasha zuwa cikin fadama ƙafa ce da kwalekwale. Layin yana nan har yau, zirga-zirgarsa ce ta zama yau akwai gobe babu.

Babban sauyi daga ƙasar Kano ya gangaro. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, aka kuma yi shingen ruwa kusa da Auyo don noman rani na kwarin Haɗeja. Amfaninsu a bayyane yake. Birnin Kano na shan ruwa, Kadawa da Kura na fitar da shinkafa da tumatir, a Auyo da Haɗeja ana noman alkama da shinkafa cikin rani, samarin da da sun tafi ci-rani kudu suna samun aiki a gida. Amma kogin ya daina bin lissafin da mutanen fadama suka haddace. Da, ya cika da damina, ya janye da kaka a bi sawunsa ana shuka wake a danshi, ya ƙafe da bazara har a taka cikinsa. Tsoho kan dubi wata ya ce nan da kwana kaza mashigi kaza zai taku, kuma haka za a yi. Bayan madatsun, faɗin ambaliyar shekara-shekara ya ragu sosai, wasu rassan suka toshe, wasu kuma, musamman Marma, suka koma ba sa bushewa ko da bazara.

Ruwan da ba ya bushewa shi kacalla ke so. Ciyawar nan da ta fi mutum tsawo ta cinye dubban kadada, ta toshe magudanai, ta tara laka, ta juyar da ruwa ya bi gonaki da gidaje. Inda a da jirgi ke wucewa a sarari, yanzu sai an bi wata siririyar kafa da aka sare da adda, mai fito ba ya ganin gabansa. Cikinta jan-baki ke kwana, su fito da safe su sauka a shinkafa da gero da dawa. Garuruwa kan yi gayya, maza su shiga ruwa har ƙirji suna sara, gwamnati ma kan kawo injinan yashe kogi, amma in aka yi sakacin damina ɗaya sai ta dawo. Manyan kifaye irin giwan ruwa sun yi wuyar gani. Kasuwar kifi ta Haɗeja tana nan da cikarta, motoci na lodi zuwa kudu, sai dai ba duk abin da ke cikin kwalayen nan ne ya fito daga ruwan Haɗeja ba.

An yi wani ɗan zamani da fadamar ta ga masu tanti na gaske, kuma tsuntsaye ne suka jawo su. Kowane hunturu agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki kan taso daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka cikin dinya da kirinjijiya da zalɓe na gida. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru tare da ƙungiyoyin duniya irin su IUCN, ana ƙidayar tsuntsaye a watan Janairu. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona, a cikin fadamar, a 1989. A shekarar 2000 tafkin Nguru da Marma suka shiga jerin wuraren dausayi na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, Baturiya ta bi baya a 2008. A shekarun nan ba abin mamaki ba ne a ga Land Rover a gindin tsamiya, ga Bature da madubin hangen nesa a wuya, ɗan gari na nuna masa inda tsuntsaye ke sauka. Su ma, da tantinsu da komai, sai sun fara gaida mai gari.

Daga 2009, rikicin Boko Haram ya sauya yadda ake kallon baƙo. Ƙasar Haɗeja ba ta ga abin da Borno da gabashin Yobe suka gani ba, amma tana maƙwabtaka, ta ga masu gudun hijira, ta kuma koyi tsoro. Shingayen jami'an tsaro suka cika hanya, aka yi shekaru ba a hawa babur a sassan Yobe, aka umarci masu unguwanni su kai rahoton duk baƙuwar fuska. Ga kuma rikicin manoma da makiyaya da kan tashi a Guri da Kirikasamma lokacin girbi, saboda burtali da mashaya da yawa sun zama gonaki. Dattijon da a da zai ce a kai kayan baƙo zaure, yanzu zai fara da tambaya: "Ɗana, wa ka sani a garin nan? Kira shi mu ji." Ba rowa ba ce. Mutumin da za a tuhuma in baƙonsa ya yi ɓarna dole ya bincika kafin ya yi shimfiɗa. Amma hasarar a kan talaka ta faɗa. Mai hali ya kama ɗaki a masauki a Haɗeja ko Nguru ko Gashuwa. Marar shi ya kwana a kan benci a tashar mota, jakarsa ƙarƙashin kansa.

Titi kuwa alheri ne, kuma duk wanda ya taɓa tura mota a yashin hanyar Nguru ba zai so a koma baya ba. Tun da aka gyara ɓangaren Kirikasamma zuwa Nguru da wanda ya zarce Gashuwa, tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i. Mutum zai karya kumallo a Haɗeja, ya yi azahar a Nguru, ya kwana a Gashuwa, washegari ya gangara ta Jakusko, ya zagayo ta ƙasar Katagum, ya shigo gida ta Kafin Hausa. Marar lafiya na isa asibiti, tumatir na isa kasuwa kafin ya ruɓe. Sai dai titin tudu yake bi, gefen fadama. Daga tagar mota ba a ganin sansanin masunta. Arahar ma ta gudu. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota, kuɗin babur ɗin da zai shiga da mutum ƙauye, har kuɗin fito inda jirgin mai inji ne, duk suka bi ta.

Tantin da mutanen yankin suka fi sani a 'yan shekarun nan ba na yawon buɗe ido ba ne. A ambaliyar 2020 da ta 2022, da ruwa ya ci garuruwa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, iyalai sun yi makonni a gefen titi da azuzuwan makarantu, ƙarƙashin leda da gidan sauro, samarin Haɗeja kuma na kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa don kada ruwa ya shigo gari. A makonnin nan aka ga halin bai mutu ba. Garuruwan tudu sun buɗe gidajensu, an dafa an kai, ba wanda ya tsaya tambayar wa ka sani.

Masu yin zagayen a yanzu, waɗanda yawancinsu ɗalibai ne daga jami'ar Kafin Hausa ko ta Gashuwa da 'yan ƙungiyoyin matasa, sun samo tasu dabarar. Sukan haɗa kuɗi su ɗauki hayar bas ɗaya, su zaɓi Disamba ko Janairu, lokacin da hanyoyin ƙauye suka bushe, sauro ya lafa, tsuntsaye suka cika. Kafin a tashi an kai takarda ga hakimi, an kira wani ɗan garin da aka yi makaranta tare. A sayi shinkafa da mai a kasuwar Haɗeja, kifi kuwa a bakin ruwa, a kwana a ajin firamare ko ƙofar gidan dagaci, kowa da gidan sauronsa. Ya fi na da tsari, ya fi lafiya, kuma har da 'yan mata a ciki tare da malamarsu, abin da zamanin zaure bai sani ba. Abin da ya ragu shi ne sauka a garin da ba a san kowa ba, a tashi da safe an yi aboki.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da dajin Baturiya gandun daji na ƙasa, cikin sababbi goma da aka ware. In abin ya tsaya da ƙafarsa za a sami ƙofa da tikiti da masauki, za a kuma sami baƙi. Abin da ya kamata ya dami masu tsara shi shi ne makomar masunta da makiyaya da matan da ke yankan kaba a dajin, da kuma wanda zai riƙa shiga da baƙin cikin ruwa. Mutanen da suka san kafar da ke ɓullewa cikin kacalla da tafkin da dinya ke kwana suna Baturiya da Madaci da Likori da Adiyani. Da yawansu ba su da takardar boko, kuma su ya kamata a fara ɗauka aiki.